Launi Bisa Launi: Gwanintar Mark Rothko

Ranar 8 ga Mayu, 2012, a gidan gwanjo na Christie's da ke New York, aka fito da wani zane aka ce a taya. Tsayinsa ya haura mita biyu, faɗinsa ma haka. Babu fuskar mutum a jikinsa, babu doki, babu gida ko bishiya. Fili ne ja, an shimfiɗa masa manyan falle-falle na ruwan goro da rawaya, wani bisa wani. Masu taya suka yi fiye da minti shida suna ƙari, daga ƙarshe aka sallama a kan dala miliyan 86.9. Mai zanen, Mark Rothko, ya yi shi ne a 1961, kuma lokacin da ake wannan ciniki ya shekara arba'in da biyu a ƙasa.

Duk wanda ya ga hoton zanen a waya, abin da yakan fara faɗa shi ne, wannan ai ko mai fentin gida ya fi shi. Ban ga laifin mai faɗar haka ba, domin waya tana cutar wannan irin aiki fiye da yadda take cutar kowane zane. Tana matse abin da ya fi mutum tsayi ya koma kamar kan sarki, tana mayar da launi mai zurfi ya zama shafe ɗaya. Kuɗin kuwa ba zan tsaya kare shi ba. Farashin gwanjo lamari ne na attajirai da gasarsu, da neman inda za a ɓoye dukiya ta hayayyafa. Abin da nake so a gani shi ne aikin hannun da ke cikin ƙyallen, domin akwai shi, kuma samun irinsa sai an tona.

A fara daga ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Yawancin masu zane sukan shafe ƙyallensu da farin fenti mai kauri kafin su soma, don ya toshe ƙofofin zare. Rothko yakan dafa gam ɗin da ake yi da fatar zomo, ya zuba garin launi a ciki, ya shafa shi da ɗuminsa. Gam ɗin yana saurin daskarewa, saboda haka dole a yi sauri, da manyan burushi irin na masu fentin bango, shi da mataimakinsa suna bin ƙyallen daga sama har ƙasa kafin ya huce. Launin farko kenan, kuma ba zama yake yi a saman ƙyalle ba, shiga yake yi cikin zaren kansa. Daga nan sai a bi shi da fentin mai da aka tsinka ƙwarai da tina har ya koma kusan ruwa. A bari ya sha iska. A sake wani, na launi dabam. A tsakani yakan shigo da ɗanyen ƙwai da aka kaɗa, da wani ƙaro na bishiyoyin Asiya da ake kira damar, wani lokaci har da fentin zamani irin na masana'antu. Wani shafin ya fito da sheƙi, wani ya fito a dushe, kuma da gangan yake jera su haka.

Amfanin wannan wahala yana wajen haske. Idan fenti mai kauri ne, haske kan bugi samansa ya dawo, ido ya ga launi ɗaya, magana ta ƙare. Idan kuwa shafin siriri ne, haske kan ratsa na sama ya taɓo na ƙarƙashinsa, ya ratsa wannan ma, sannan ya dawo wa ido ɗauke da ɗan abin kowanne. Shi ya sa ja ɗin Rothko ba ya tsayawa wuri guda. Ka dube shi yanzu ka ga ja, ka ƙara jimawa ka ga ruwan goro na tasowa daga ciki, ka matsa gefe ka ga wani duhu da ba ka lura da shi ba. Wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata a Kano ya san asirin nan. Marini ba ya samun shuɗi mai duhu da tsomi ɗaya. Yakan tsoma, ya ɗago, ya bar iska ta juya koren ya koma shuɗi, ya sake tsomawa, haka har sai launin ya yi zurfin da ido ke nutsewa a ciki. Kuma kowa ya iya bambanta zanen da ya sha baba sau da yawa da wanda aka yi wa rinin gaggawa, ko da ba zai iya faɗin yadda aka yi ya gane ba.

Sai kuma bakin falle, wato inda wani launi ke ƙarewa wani ya soma. A ganina a nan gwanintar take fi fitowa. Rothko ba ya jan layi da abin awo. Bakin kowane falle a ɓarje yake, an bi shi da busasshen burushi ko tsumma har ya yi laushi kamar bakin gajimare. In ya yi kaifi, fallen zai zama kamar takarda da aka manna a bango. In ya narke da yawa, komai zai cakuɗe ya zama taɓo. Tsakanin waɗannan biyun akwai wani ɗan siririn wuri inda fallen ke zama kamar yana shawagi, bai taɓa ƙyallen ba kuma bai rabu da shi ba, kuma wannan wurin yake nema a kowane zane. Haka nan tazarar da ke tsakanin falle biyu, wani lokaci faɗin yatsa uku, wani lokaci tafin hannu. Ƙara ta kaɗan ko rage ta kaɗan na iya sa na sama ya danne na ƙasa, ko na ƙasa ya ture na sama. Launi mai zafi kamar ja da rawaya yakan yi kamar yana tahowa wajen mai kallo, mai sanyi kamar shuɗi yakan ja baya, kuma girman falle yana ƙara masa nauyi. Duk wannan awo da ido ake yinsa. Ido ba mudu ba, amma ya san kima. Waɗanda suka yi aiki tare da shi sun ba da labarin cewa lokacin da yake ɗauka a zaune a kujera yana kallon ƙyallen ya ninka wanda yake ɗauka da burushi a hannu. Ba ya kuma son a tsaya a kansa yana aiki.

Bai faɗo cikin wannan salo daga sama ba. An haife shi a 1903 a garin Dvinsk, wanda yau ake kira Daugavpils a ƙasar Latbiya, lokacin yana ƙarƙashin daular Rasha. Iyayensa Yahudawa ne, sunansa na yanka Markus Rothkowitz. Yana ɗan shekara goma, a 1913, ya bi iyalinsa zuwa Portland a Amurka, kuma ba a jima ba mahaifin ya mutu, yaron ya shiga tallar jarida. Ya samu shiga jami'ar Yale, ya bar ta a 1923 bai gama ba, ya nufi New York. Shekara ashirin da wani abu ya yi yana koyar da yara zane a wata makarantar Yahudawa a Brooklyn, da wannan yake ci. Zanensa na shekarun 1930 mutane ne, tsaye a tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa, sirara, kowa shi kaɗai. Daga baya ya koma zana halittun tatsuniyoyin Girka. Sannu a hankali siffofin suka riƙa narkewa suna zama guntayen launi, guntayen suka riƙa raguwa suna girma, sai a 1949 ya tsaya a kan falle biyu ko uku da aka san shi da su. Yana da shekara arba'in da shida. A wannan shekarar ne gidan adana zane na MoMA ya rataye wani aikin Henri Matisse na 1911, ɗakin zane da aka lulluɓe da ja gaba ɗaya, kuma Rothko ya yi ta zarya yana tsayawa a gabansa. Mutumin da ya iya zana fuska ne ya ajiye fuska, bayan kusan shekara ashirin da biyar yana neman abin da zai iya cirewa ba tare da zanen ya mutu ba.

Shi kansa ba ya son a ce masa mai wasa da launi. Ya sha faɗa cewa abin da ya dame shi shi ne abin da ke cikin zuciyar ɗan Adam, baƙin ciki da murna mai tsanani da tsoron ƙaddara, kuma launi hanya ce kawai ta kaiwa can. Dalilin da ya sa yake yin zanen da girma kenan. Ya ce ƙaramin zane daga waje ake kallonsa, babba kuwa shiga cikinsa ake yi. Yana so a rataye su ƙasa-ƙasa, kusa da daɓe, ba tare da firam ba, a rage fitila, mai kallo kuma ya matso kamar tazarar santimita 45, yadda launin zai cika masa ido har gefe. An sha ganin mutane suna hawaye a gaban zanensa, kuma shi bai ɗauki wannan abin mamaki ba.

To mutum mai irin wannan ra'ayi, yaya zai yi da kasuwa? A nan labarin ya fi daɗin ji. A 1958 kamfanin Seagram ya ba shi kwangilar dala 35,000 ya yi zane-zanen da za a rataye a Four Seasons, wani gidan cin abinci na manyan masu kuɗi a sabon benen kamfanin da ke titin Park Avenue. Ba a taɓa ba shi aiki mai tsoka haka ba. Ya kama hayar wani tsohon ɗakin motsa jiki a lamba 222 titin Bowery, ya kafa katakai daidai da awon bangon gidan abincin don ya riƙa gwada zanen a irin wurin da za su zauna. Ya yi kusan guda talatin, alhali wurin ba zai ɗauki ko rabinsu ba. Launukan suka yi duhu: ruwan makuba, baƙi, ja mai kama da busasshen jini. Fallen ma suka canza, suka koma kamar ƙofofi da tagogin da aka toshe. A 1959 ya je Italiya, kuma ya ce abin da ke ransa shi ne zauren shiga ɗakin karatun da Michelangelo ya tsara a Florence, mai tagogin dutse da ba sa buɗewa ko'ina. A cikin jirgin ruwa a wannan tafiya ya gaya wa wani editan mujalla cewa burinsa shi ne zanen ya hana masu cin abincin jin daɗin lomarsu. Da ya dawo, ya je gidan abincin da matarsa suka ci, ya ga farashi, ya ga mutanen, ya gane cewa babu wanda zai ɗaga kai daga faranti. Sai ya mayar da kuɗin da ya karɓa, ya riƙe kayansa.

Shekaru zanen suka yi a ajiye. Daga baya ya ba gidan Tate na Landan guda tara kyauta, bisa sharaɗin a ware musu ɗaki nasu su kaɗai. Abin da ya ja shi Tate har da kasancewar a can ne ayyukan J. M. W. Turner suke, mai zanen Ingila da yake girmamawa saboda yadda ya sarrafa haske. Akwatunan sun isa Landan ranar 25 ga Fabrairu, 1970, ranar da aka tsinci gawarsa a ɗakin aikinsa a New York. Ya jima yana fama da rashin lafiya da ƙuncin rai, kuma shi ya kashe kansa. Bai ga buɗe ɗakin ibadar da John da Dominique de Menil suka gina wa zanensa goma sha huɗu a Houston ba, wanda aka buɗe a 1971 ga mabiya kowane addini.

Hanyar tasa tana da nata rauni, kuma ba daidai ba ne a ɓoye shi. A zane-zanen da ya yi wa jami'ar Harvard a 1962 ya yi amfani da wani jan launi mai suna Lithol, wanda ba ya jure rana. Aka rataye su a wani ɗakin cin abinci mai manyan tagogi a saman bene. Jan ya riƙa kwaranyewa har wasu wuraren suka koma shuɗi-shuɗi, a 1979 aka sauke su aka kulle. Da aka tashi gyara, masana suka ga ba za a iya sake shafa fenti a kan irin wannan siririn aiki ba tare da an kashe shi ba. A 2014 sai suka fito da dabarar haska masa fitilar kwamfuta mai mayar wa kowane ɗigo launin da ya rasa, kuma a lokacin da aka baje su, kullum da ƙarfe huɗu na yamma akan kashe fitilar don masu kallo su ga abin da rana ta bari.

Wata ɓarnar kuma ita ta fi bayyana zurfin aikin. A watan Oktoba na 2012 wani mutum ya shiga Tate ya yi rubutu da baƙin tawada a kusurwar ɗaya daga cikin zanen Seagram. Bai ɗauki minti ɗaya ba. Tawadar ta ratsa shafi bayan shafi har ta ɓulla ta bayan ƙyallen. Gyaran ya ci wata goma sha takwas. Kusan rabin wannan lokaci masu gyaran ba su taɓa zanen ba ma, suna can suna haɗa irin shafe-shafen Rothko a wasu ƙyallaye, su tsufar da su a na'ura, su ɓata su da irin tawadar, su gwada ruwan magani iri-iri don gano wanda zai ɗauke tawada ya bar ƙwai da ƙaro da garin launi a inda suke. Iyalin Rothko har suka ba da wani ƙyalle da shi da kansa ya yi wa shafin farko, don a gwada a kai. A watan Mayu na 2014 zanen ya koma bango. Abin da za a ce shafe ɗaya ne na mai fentin gida ba ya buƙatar shekara ɗaya da rabi ta masana sinadarai.

Bayan mutuwar Rothko kasuwar da ya guje wa ta yi caa a kan kayansa. Ya bar zane 798. Cikin 'yan watanni masu kula da wasiyyarsa su uku suka sayar wa dillalan Marlborough guda ɗari a kan dala miliyan 1.8, biya a hankali cikin shekara goma sha biyu, sauran kuma suka damƙa musu bisa la'ada mai yawan gaske. 'Yarsa Kate, wadda ba ta wuce shekara ashirin da ɗaya ba, ta kai ƙara a 1971. A 1975 kotu ta tsige mutanen uku, ta yanke tarar dala miliyan 9.2 a kansu da dillalan. Daga nan farashi ya yi ta hawa. Zanen 1950 mai farin falle a tsakiya, wanda David Rockefeller ya saya a 1960 a kan abin da bai kai dala dubu goma ba, an sayar da shi a Sotheby's a 2007 a kan dala miliyan 72.8.

Inda kuɗi ya taru haka, jabu ba ya nisa. Knoedler tsohon gidan dillancin zane ne a New York, tun 1846 ake damawa da shi. Tun daga tsakiyar shekarun 1990 wata mata mai suna Glafira Rosales ta riƙa kawo musu zane-zanen da ta ce na Rothko ne da Jackson Pollock da takwarorinsu, wai daga taskar wani attajiri da ba ya son a ambaci sunansa. Ashe wani mai zane ɗan China, Pei-Shen Qian, ke yin su a gidansa a unguwar Queens, ana biyansa 'yan dubbai. Jimillar abin da aka sayar ta kai kusan dala miliyan 80. Domenico De Sole, wanda ya taɓa shugabantar kamfanin Gucci, ya biya dala miliyan 8.3 a 2004 a kan Rothko na ƙarya. A 2011 gidan ya rufe ƙofa.

Masu cewa duk abin yaudara ne sukan kafa hujja da wannan labari, kuma suna da rabin gaskiya. Ya nuna cewa da yawa daga masu saye suna ne suke saye, da kunne suke ciniki ba da ido ba, kuma dillalin da la'ada ta rufe wa ido ba ya tambayar asalin kaya. Amma a lura da wanda aka nemo ya yi jabun. Ba yaro aka ɗauko daga titi ba. Qian ƙwararren mai zane ne tun a China, ya kuma ƙara karatun zane a New York, kuma duk da haka abin da ya iya kwaikwaya shi ne fuskar aikin. Da aka kai kayan ɗakin bincike aka leƙa ƙarƙashi, asiri ya tonu. A wani da aka ce na Pollock ne, wanda aka sayar dala miliyan 17, an samu rawayan fenti da bai shigo kasuwa ba sai shekaru bayan mutuwar Pollock a 1956. Sannan kwaikwayon abin da wani ya riga ya gano daban ne da gano shi. Qian ya tarar da hanya a share.

Sana'ar sarrafa launi irin ta Rothko ba ta tsaya a New York ba. A sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Gani Odutokun, wanda ya rasu a hatsarin mota a 1995, ya yi suna wajen tsinka fentin mai ya kwarara shi a kan ƙyalle, ya bar shi ya bi hanyarsa, sannan ya sa hannu ya sarrafa abin da ya fito. Ɗalibansa da ɗaliban ɗalibansa suna nan suna aiki, kuma ana baje kayansu a Zariya da Kaduna da Abuja da Legas a kan farashin da ma'aikaci mai son abin zai iya tarawa. Wanda ya ci karo da irin wannan zane na sayarwa, kada ya yanke hukunci daga hoton waya. Ya je da ƙafarsa. Ya tsaya nesa, ya matso kusa, ya koma gefe inda haske ke kwanciya a kan fentin don ya ga inda ya yi sheƙi da inda ya dushe. Ya duba bakin launukan ya ga ko an kula da su ko an bar su yadda suka faɗo. Ya ba zanen minti goma, ya ga ko akwai abin da zai fito wanda bai gani da farko ba. Ya tambayi mai zanen me ya sa a ƙasa, shafi nawa ya yi, wane fenti ya yi aiki da shi, domin wanda ya sha wahalar aikin yana jin daɗin wannan tambaya kuma amsarsa ba ta ƙarewa da wuri. In ciniki ya faɗa, a karɓi takarda mai sa hannunsa da shekarar da ya yi aikin, a kuma nemi bangon da rana ba ta bugu.